An Ba Kabari Haƙuri

Wata goma cur 'yan makaranta suka yi suna gasa wa Vaelua aya a hannu, garinmu bai ji ba, bai gani ba. Ranar da aka taka kabarin kakanta kuwa, kafin a busa ƙahon addu'ar yamma har kurame sun samu labari.

Shi ya sa da Palepa, goggon yarinyar, ta fito da sassafe ranar Asabar don tsince busasshen ganye a ƙofar gida, ba ta yi mamakin abin da ta tarar ba. Can gaban kabarin, a kan tsakuwa, ga mutum uku durƙushe, an lulluɓe su ruf da tabarmar daraja, mai laushin nan da jajayen gashin tsuntsu a baki, wadda ba a fito da ita sai aure, ko mutuwa, ko babban laifi. Ifoga ke nan, ban haƙurin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu. Manyan gidan mai laifi za su zo su duƙa a ƙofar wanda aka yi wa, ko rana ko ruwa, ba motsi ba magana, har sai mai gida ya ga dama ya yaye musu tabarmar.

Palepa ta tsaya da kwandonta tana kallon duga-dugan da suka leƙo ta ƙasan tabarmar. Duk na tsofaffi ne, masu faso. Babu ƙafar yarinya ko ɗaya.

Vaelua, da muke kira Lua, shekararta goma sha shida. Ubanta ƙanin Palepa ne, teku ta tafi da shi tun tana rarrafe. Uwarta tana Niyu Zilan tana tsinkar tuffa a gonar wani, riƙo ya dawo hannun goggo. Laifin yarinyar a duniya ɗaya ne: kyasbi ya fito mata a wuya, fari-fari har bayan kunne. Tausala, jikar tsoho Iakopo, wadda ke jan waƙa a coci da murya mai sa tsofaffi hawaye, ita ta raɗa mata suna Taswira. "Taswira, ɗan juyo mu ga inda Fiji take." Shi ke nan, suna ya bi ta.

Motar garinmu ta katako in ta cika, kan cinya ake zama. Ko baƙon da bai taɓa ganinka ba zai ɗauke ka ba sai ka roƙa ba. Tausala ta ce abin wuyan Lua ana ɗauka, tun daga ranar ba cinyar da ta sake karɓarta. Awa guda zuwa, awa guda dawowa, tana tsaye riƙe da ƙarfe, alhali har buhun gwaza ya samu wurin zama.

Ba za a ce manya ba su taimaka ba. Malamar ajinsu ta ce yara ne. Matar fasto ta ce ta yawaita addu'a, ta kuma gwada man kwakwa. Direba ya ƙara ƙarar kiɗa. Kowa dai ya ba da gudunmawa daidai ƙarfinsa. Palepa ma ta ba da tata, amma ba ta son tunawa, don haka mu ma mu bar ta tukuna.

Ranar Juma'ar makon jiya Tausala da ƙawayenta biyu suka sauko daga mota suka biyo Lua. Biyu suka danne ta, Tausala ta sa almakashi ta datse mata kitso, jelar nan guda mai kaiwa gadon baya. Lua ta ƙwace ta ruga gida, ta raɓe bayan kabarin kakanta, wanda ke ƙofar gida kamar na kowa, an shafe shi da farin tayil. Tausala ta ɗare saman kabarin tana rawa tana kaɗa jelar gashin, ɗaya ƙawar tana ɗauka a waya. Kafin yamma bidiyo ya kai wa dangi na ƙetare, na Okilan da na Sidni, waya ta dinga ruri. Kabarin mai sarauta! Da takalmi! 'Yan'uwan da ko jana'izar tsohon ba su zo ba suka riƙa kuka a waya har da majina. In an duba da kyau, a gefen hoton akwai yarinya durƙushe ta rufe kai da hannu biyu. Ba wanda ya duba da kyau.

Tun ranar Lua ba ta sake saka kayan makaranta ba. Ta ninke su ta cusa a ƙarƙashin akwati, ta ɗaure kai da ɗankwali, ta ce ta gama. Ga jarabawar ƙarshen shekara jibi Litinin, wadda in ba ta zauna ba, zancen karatun jinya da take yi tun tana ƙarama ya bi ruwa. Wannan ne ya hana Palepa sukuni mako guda, ba tayil ba.

Ta ajiye kwando ta shiga babbar rumfar gida. Sefo, autansu, wanda ya gaji sarautar gidan, tuni ya yi wanka ya ɗaura zanen zuwa coci, yana leƙen hanya ta tsakanin ginshiƙai.

"Yaya, kin gani? Tsoho Iakopo da kansa. Da ƙannensa biyu. Kin san rabon da a yi wa wani gida haka a garin nan?"

"Na ga ƙafafu. Ina ita mai rawar?"

"Wa? Yarinyar? A ƙarƙashin tabarmar daraja? Haba Yaya, ai wannan zancen manya ne."

"Au, ashe manya ne suka yi askin."

Sefo ya yi kamar bai ji ba. Hankalinsa yana kan a-kori-kurar da aka ɓoye bayan coci, wadda ƙamshin gasasshen alade ke tona mata asiri tun daga nesa. Matsalarsa guda ce, lokaci. In ya yaye da wuri, a ce gidansu ba daraja. In ya daɗe, a ce ba imani, ga kuma nama zai huce. Ya auna ya auna, ya ga ƙarfe tara ya yi daidai da mutunci.

Ƙarfe tara ya taka a hankali, gari na kallo ta bayan shingen furanni, ya ɗaga tabarmar. Tsoho Iakopo ya kasa miƙewa sai da aka kama shi. Gwiwoyinsa duk shatin tsakuwa, leɓensa ya bushe. Palepa ta ji tausayinsa ya kama ta, don mutumin kirki ne, bai taɓa cin zalin ko kaza ba. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Aka shiga rumfa, kowa ya zauna gindin ginshiƙinsa. Mai magana da yawun gidan Iakopo ya miƙe a waje da sandarsa, ya yarfa izga a kafaɗa, ya fara. Palepa ta zauna a baya inda mata ke zama, ta kasa kunne tana jiran suna ɗaya.

Ya ba Ubangiji haƙuri. Ya ba marigayi haƙuri, ya jero kirarinsa kaf, har da wanda marigayin bai san yana da shi ba. Ya ba sarautar gidan haƙuri, da ƙasar da aka binne tsohon, da majalisar gari, da fasto da iyalinsa, da dangi na ƙetare. Ya yi zancen wani kwalekwale da ya kife zamanin kakanni aka tayar da shi. Tayil ɗin ma ya samu rabonsa, aka yi alkawarin za a sake shafe shi. Sai aka shigo da kaya, aka baje tabarmar ana guɗa, ga aladu, ga katan-katan na kifin gwangwani. Sefo yana gyaɗa kai da fuskar mai juyayi, ido kuwa yana kan cinyar alade.

Duk wannan bidiri Lua ce ke zirga-zirga da butar koko, a sunkuye kamar yadda aka koya wa yara, tana durƙusawa gaban kowane baƙo. Ita ta zuba wa mai maganar da hannunta. Ya karɓa bai ɗago ba.

Da ya kai ƙarshe, Palepa ta yi abin da ba a yi. Ta yi gyaran murya daga baya.

"Gashin yarinyar fa?"

Kawuna suka juyo baya. Mai maganar ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffin mata, ya ce, "Uwa, gashi ai yana tsirowa."

Aka yi dariya, dariyar an rabu da ƙaya. Fasto ya ɗaga hannu ya ce abin da Allah ya yafe kada mutum ya tono. Sai kuma wata dabara ta faɗo masa, ya ce a kira yaran su rungumi juna, jama'a su shaida. Ashe Tausala tana nan, ta zo cikin masu ɗauko kaya, sanye da farar riga, ta maƙala fure a kunne. Aka turo Lua tsakiya da butarta a hannu. Tausala ta rungume ta, ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta ɓangaren da babu kyasbi, ta juyo da fuska wajen masu ɗaukar hoto. Mata suka ce ayya. Lua ta tsaya ƙiƙam har aka sake ta, ta koma zuba koko.

Palepa ta tashi fuu ta bi ta madafa, can bayan gida. Ta tarar da Lua ta tsuguna gaban tulin tukwane.

"Kin gani ko? Kin ga munafukai? Wai gashi yana tsirowa! Sun ba gawa haƙuri, sun ba tayil haƙuri, saura su ba karen gida. Shi kuma kawunki, a ba shi kan alade ya sayar da mu duka. Ita kuwa malamarku mai cewa yara ne, bari Litinin ta yi in je in same ta. Wata goma! Ba wanda ya buɗe baki a garin nan, ko mutum ɗaya!"

Lua ba ta ɗago ba. Tana goga tukunya da ɓawon kwakwa ta ce, "Ni na buɗe, Goggo."

"Me?"

"Sau uku na gaya miki. Na farko kika ce wasa ne. Na biyu kika ce a zamaninku har jifa ake yi ba ku mutu ba. Na uku ranar da na ƙi shiga mota ne." Ta juya tukunyar. "Almakashin nan bai yi zafi ba, Goggo. Tsintsiyarki ce ta yi."

Ga gudunmawar da muka ajiye ɗazu. Ranar nan Palepa ta zane ta da tsintsiyar kwakwa a bakin titi, gaban motar makaranta cike da yara, tana cewa ba a gidanta za a yi lalaci ba. Har ta tura ta ciki da hannunta, ta tsaya tana huci, tana jin ta yi tarbiyya. Dariyar da ta ji ta taso daga tagogi ta ɗauka ta yarinta ce.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba a shekara sittin da ɗaya. Ta so ta ce ai don ta so ta ne, ta so ta ce ai ba ta sani ba. Duka biyun ta ji sun yi kama da jawabin mai izga.

Ta juya ta koma rumfa. Ana tsakiyar rabon nama. Ta ratsa ta gaban manya a miƙe, ko rusunawa babu, ta sunkuci tabarmar darajar daga inda aka naɗe ta kusa da Sefo, ta fice. Jama'a suka bi ta da ido, wasu da tsoka a baki. A ƙofar madafa, inda tsakuwa ta fi kaifi kuma rana ta fi duka, ta durƙusa da ƙyar, don Palepa ba ƙaramar mace ba ce, ta ja tabarmar ta rufe kanta.

Sefo ne ya fara isowa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya! Yaya, mene ne haka? Tashi don Allah, baƙi na kallo. Wa kike wa?"

"Mai wanke-wanke."

"Lua? 'Yar da kika riƙe? A ina aka taɓa yin haka? Babba ya duƙa wa yaro? Za ki mai da mu abin dariya har birnin Apiya!"

"Ai gara mu, da rai za a yi mana."

Ta ji hannunsa ya kama gefen tabarmar.

"Sefo, ka ɗaga tabarmar nan in yi maka baki."

Ya saki kamar ya taɓa wuta. A wurinmu namiji yakan yi jayayya da majalisa, yakan yi da fasto in ya sha ya ƙoshi, amma ba ya wasa da bakin 'yar'uwarsa.

Fasto ya zo ya karanto aya a kan girmama iyaye, ya jira, bai ji amin ba, ya ja da baya. Matarsa ta ce ƙila hawan jini ne. Wata ta ce dama tun rasuwar mijinta ba daidai take ba. Palepa tana jin su duka, gumi yana shiga mata ido. Ashe cikin tabarmar daraja babu komai sai zafi da warin daɗewa a akwati. Tsakuwa ta fara cin gwiwarta, bayanta ya riƙe. Ta tuna tsoho Iakopo ya yi awa huɗu a haka, ta ƙara ganin girmansa.

Kamar ya san tana tunaninsa, sai ta ji muryarsa, a dishe, kusa da ita.

"Wai ni, wane gashi ake ta faɗa tun ɗazu?"

Ashe an kawo tsoho ya gasu a rana, ba a ma gaya masa rabin abin da jikarsa ta yi ba. Kabari kawai aka ce masa.

"Tausala," in ji shi. "Zo nan. Wane gashi?"

Muryar nan mai cika coci ta fito 'yar ƙarama, ba a ma jin abin da take cewa. Daga nan sai takun ƙafafu, da tarin da ba na mura ba, da masu tuna sun bar wuta a kunne a gida. A-kori-kura ta tashi. Kafin wani lokaci gidan ya yi shiru, sai kaji, sai kuma ƙarar goga tukunya.

Lua ba ta yi sauri ba. Ta gama tukwane, ta shiga faranti. Palepa tana jin kowane ɗaya ana ɗauraye shi ana kifewa. Ba ta taɓa sanin gidanta yana da faranti da yawa haka ba.

Can ta ji taku ya matso, ya tsaya.

"Goggo, akwai zafi a ciki?"

"Akwai."

"Ƙafarki ta yi tsami?"

"Ta yi."

"Haka take yi a mota. In an kai wajen gada sai ta daina, ba kya ma jin ta."

Takun ya koma. Aka shiga kofuna. Palepa ta kifa goshi a kan tsakuwa ta yi kuka, kuka sosai, ba irin na waya ba.

Ba ta san iya lokacin da ya wuce ba, sai ta ga haske ya shigo ta gefe ɗaya. Ta zaci yayewa za a yi. A'a. Gefen kawai aka ɗaga, Lua ta rarrafo ta shigo, ta saki tabarmar ta rufe su su biyu. Ta cire ɗankwalin. Karo na farko ke nan da Palepa ta ga kan da kyau, an datse shi a karkace, wani wurin har fata.

"Ban yaye ba tukuna," in ji Lua.

"Na sani."

"Zan faɗa miki tun daga farko. Kada ki ce wasa ne. Kada ki ce a zamaninku."

"Ba zan ce komai ba."

"Ke? To, mu gani."

Ta fara tun daga ranar da aka raɗa mata suna. Ta faɗi na mota, da na bayan aji, da abincinta da aka riƙa zubarwa, da wata rana da ta tsaya a bakin gada ta daɗe tana kallon ruwa. Sau biyu Palepa ta ja numfashi za ta yi magana, sau biyu ta haɗiye. Sefo yana can gindin ginshiƙi shi kaɗai da aladunsa, ba mai taya shi ci.

Da ta gama, gumi na ɗiga daga haɓar kowacce.

"Jarabawar ƙarfe takwas ce," in ji Lua. "Motar farko za mu bi."

"Za mu?"

"Ba zan iya rubutu ba in na yi awa guda a tsaye. Ke za ki ɗauke ni a cinya. Kuma ba zan ɗaura ɗankwali ba."

Palepa ta gyaɗa kai.

Sannan yarinyar ta miƙe tsaye, tabarmar ta zame ta faɗi a ƙasa, cikin ruwan wanke-wanke. Ta miƙo hannu biyu.

"Tashi, Goggo. Kama ni sosai, kina da nauyi."